Zuwa ga ɗiyata: kada ki zubar da furannin da suka karkace

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Uwata, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ya karatu, ya baƙunta? Mu nan Sakkwato lafiya lau, sai zafin da ya sauko tun Afrilu bai kama ba. Ƙafar innarki ta yi sauƙi, har tana fita biki da suna. Gwaggonki ta dawo daga Wurno, tana nan yadda kika san ta.

Na zaɓi in rubuto ne domin in na kira ki a waya, da kin ji muryata ta canja sai ki hau "to Baba, to Baba" har ki kashe maganar, ni kuma in kasa ƙarasawa. Wagga magana ba ta "to Baba" ba ce.

Ƙanenki ne ya faɗa mini, ba da nufin kai ƙara ba, kuma ban yarda ki kira shi ki yi masa faɗa ba. Ya ce alƙaluman bincikenki na kundin kammala karatu sun ƙi fitowa yadda kika zata, wai kuɓewar da kika hana wa ruwa ta fitar da wasu furanni kyawawa sumul, wadda kika ƙosar da ruwa kuma ta fitar da wasu karkatattu, shi ne kika ce za ki cire waɗanda suka ɓata miki lissafi, tunda ba wanda zai koma gona ya ƙidaya. Yana faɗa yana dariya. Tun daga ranar ban yi barcin kirki ba.

Na san za ki ce ilimin da na koyar a sakandare ya tsufa, kuma an wuce wurin. Na yarda an wuce. Amma bari in tuna miki abin da kike aunawa, don ina ganin gaggawar gama kundi ta sa kin manta.

Ki yanka albasa ta ƙugu ki dubi zobbanta. Ko ta ina kika ratsa wuƙa, muddin ta bi ta tsakiya, ɓarin nan zai yi daidai da wancan. Shi ne daidaiton kewaye, kuma shi ne tsarin furen kuɓewa da yakuwa da auduga: ganye biyar sun kewaye cibiya ɗaya. Furen wake ba haka yake ba, yana da sama da ƙasa, hanya ɗaya tak za ki raba shi ya ba ki dama da hagu masu kama da juna. To duk inda abin da ya kamata ya kewaya daidai ya rinjaya gefe ɗaya, nan ne rashin daidaiton kewaye, kuma nan ne mai bincike ke tsayawa ya tambayi dalili. Inda komai ya tafi daidai babu abin tambaya. Aikinki kacokan a kan karkatar yake, ke kuma ita kike son sharewa.

Tun kina firamare kin ga gero ya kwanta bayan iskar damina, kwana kaɗan kuma ya ɗago kai daga gaɓa. Ba hannu ya tashe shi ba. Karan da ke tsaye yana girma daidai ta kowane gefe, amma da zarar ya kwanta sai sinadarin girma da ake kira oksin ya taru ta gefen ƙasa, gefen ya fi na sama tsawo, gaɓar ta lanƙwasa ta miƙe. A saiwa kuwa taruwar oksin rage girma take yi, shi ya sa ita ƙasa take nufa. Tun shekarun 1920 aka fara gane wannan. Ko kututturen dogonyaron da ya girma a jingine, in aka sare shi za ki tarar cibiyarsa ba a tsakiya take ba, itacen ya fi kauri ta gefe ɗaya don ya riƙe nauyi. Mai ido yana karanta tarihin bishiya a wannan karkatar.

Ƙwan kaza ya fi ba ni mamaki har gobe. Ɗan farin tabon da ke kan gwaiduwa zagayayye ne, ba kai ba wutsiya. Yayin da ƙwan ke juyawa a cikin kaza kafin ta saka shi, sai tabon ya ɗan jirkita, gefen da ya fi ɗagowa shi ne zai zama wajen wutsiyar ɗan tsako. Daga wannan 'yar jirkita ake samun gaba da baya, daga nan kashin baya, har a kwana 21 ya fasa ɓawo ya fito. Da tabon ya zauna a zagayensa daidai, da babu tsako. Tsarki ya tabbata ga wanda ya tsara haka.

Yanzu ki saurari labarin da na fi son ki riƙe. A 1742 wani ɗalibi a ƙasar Suwidin ya tsinci wata ciyawa a wani tsibiri. Kowa ya san irinta: furenta rawaya ne mai leɓe biyu, da ƙaho ɗaya a gindi. Wannan kuwa ganyenta da karanta duk na dangin ne, amma furen ya fito zagayayye da ƙaho biyar. Aka kai wa Liniyos a birnin Upsala, mutumin da ya kafa tsarin raɗa wa tsirrai suna, wanda kuma da siffar fure yake rarraba su. Ciyawar nan ta zo ta ci karo da tsarinsa gaba ɗaya. Da farko har ya yi zaton wani ne ya manna baƙon fure don ya yaudare shi. Yana da ikon jefar da ita, ba mai tuhumarsa. Bai jefar ba. A 1744 aka fitar da bayaninta a rubuce, da sunan Peloriya, da zanenta.

Sai a 1999, bayan shekara 255, masu bincike a cibiyar John Innes ta Ingila suka gano sirrin. Akwai ƙwayar gado da ke gaya wa fure ina ne samansa, ina ne ƙasansa, irin wadda suka riga suka gano a 1996 suka sa mata CYCLOIDEA. A cikin Peloriya rubutun ƙwayar bai lalace ba, lafiyarsa lau. Wasu 'yan sinadarai ne suka manne a kanta suka rufe mata baki, kuma wannan rufewar ana gadonta daga uwa zuwa iri, wani lokaci ma ta sake buɗewa furen ya koma kamanninsa na asali. Yau wannan babban fage ne a ilimin gado. Ki duba, fure ɗaya da ya ƙi bin layi.

Shi ma Darwin, masanin halittu ɗan Ingila, duk da akwai maganganunsa da ba mu tare da shi a kai, ba zan hana shi abin da ya cancanta ba. Ya haɗa irin wani fure zagayayye da na asali mai leɓe biyu, ya shuka jikokinsu guda 127. Ya samu 88 na asali, 37 zagayayyu, biyu kuma ba su nan ba su can. A 1868 ya buga sakamakon, har da biyun nan. Bai san me suke nufi ba, bai ma gane cewa lissafinsa ya kusa uku bisa ɗaya irin na Mendel, wanda ya gano ƙa'idojin gado, ba. Amma saboda ya rubuta abin da ya gani, waɗanda suka zo bayansa sun iya karanta abin da shi bai karanta ba. Fure biyu a cikin 127, Uwata. Wa zai kama shi da ya yi shiru a kansu?

To ke wa ya gaya miki dole ne ƙishirwa ta karkatar da fure? Zato ne kika shiga gona da shi, kuma zato ba wahayi ba ne. Tun 1962 wani masani mai suna Van Valen ya bambance karkatar da ke bin gefe ɗaya kullum, da wadda ke faɗawa dama ko hagu a matsayin ɗabi'ar halittar, da kuma 'yar ƙaramar tangarɗar da ke zuwa ba tsari. Ta ƙarshen ce ake zaton tana ƙaruwa idan tsiro ya sha wuya, kuma masana sun daɗe suna ja-in-ja a kanta: wasu sun auna sun ga alaƙa, wasu da yawa sun auna ba su ga komai ba. Idan kuɓewarki ta ce babu alaƙa, wannan ma sakamako ne, kuma manomin fadamar Kwalkwalawa ya fi amfana da shi a kan ƙaryar da aka yi wa kwalliya.

Kafin ki zargi furannin ma, ki zargi hannunki. Furen kuɓewa da safe yake buɗewa, rawaya mai jan ciki, kafin la'asar ya yi yaushi ya naɗe. Wanda kika auna da hantsi da wanda kika auna da azahar ba ɗaya ba ne, ko da uwarsu ɗaya. Kuma ki lura da yadda ganyayen nan biyar ke hawa kan juna: a wani furen sun murɗa ta dama, a wani ta hagu, wannan halittarsu ce, ba alamar wahala ba. Bambancin da kike nema ƙanƙane ne ƙwarai, kuskuren ma'auni kaɗai zai iya haɗiye shi. Ki auna kowane ganye sau biyu. Ki sa wata ta rufe miki lambar tukwanen, don kada idonki ya san wanne ya sha ruwa, domin ido yana bin abin da zuciya ke so. Idan akwai furen da tsutsa ta ci ko ya yage a hannunki, ki cire shi, amma ki rubuta cewa kin cire da dalilin cirewar, ki nuna wa malaminki.

Amma ba kundin ne ke hana ni barci ba. Kundi ƙura zai sha a kan kanta. Tsorona shi ne ki yi sau ɗaya ki ga ya wuce lafiya, an tafa miki, an sa miki hula. Daga ranar kin koyi cewa alƙalami yana gyara abin da gona ta ƙi bayarwa. Gobe ba furen kuɓewa za a ba ki ba. Irin shuka za a kawo ki tabbatar yana jure fari, ko maganin feshi ki ce ba ya cutarwa, ko ruwan rijiyar wani ƙauye ki ce ana iya sha, kuma mutanen da ba su iya karanta takardarki ba su ne za su shuka, su fesa, su sha. Kin haddace Suratul Muɗaffifina tun kina 'yar shekara nawa? Kina zaton masu tauye mudu a kasuwa kaɗai take nufi? Rularki mudu ce.

Kuma abin da ya fi ƙona mini rai shi ne "ba wanda zai koma ya ƙidaya". A gidan nan kika ji wannan? Kin san abin da ya sa na daɗe a mataki ɗaya alhali waɗanda na koya wa aiki suna wuce ni. Maki aka ce in ƙara wa ɗan wani, na ƙi, kuma ke shaida ce kan abin da ya biyo baya, don ke ma kin sha gari da mu a shekarun nan. Innarki ta yi kuka, 'yan uwa suka ce taurin kai ne. Ban yi nadama ba ko sau ɗaya. Lokacin da gwaggonki ta tara mutane a zaure kan maganarki, ni kaɗai na tsaya. Gonar bakin gulbi kuma kin san inda kuɗinta suka tafi. Ba gori nake miki ba, Allah ya sani, hakkinki ne. Amma ban sayar da ita don a kawo mini takardar da zan ji kunyar ratayewa ba. In haka za a yi, gara ki tattaro kayanki ki dawo hannu biyu, zan tarbe ki a tasha da fuskar da na raka ki da ita.

Na san na yi zafi. Na kuma san wataƙila gajiya ce ta sa kika faɗi abin da ba za ki aikata ba, don na san wadda na haifa. Yarinyar da ta taɓa komawa kasuwa da rana tsaka don mai tumatir ya yi mata ƙarin canji ba za ta zama wata ba a dare ɗaya. Kina ke kaɗai a garin mutane, kuɗi sun yi ƙasa, abokan karatunki suna ta gamawa, malaminki kuma yana jiran abin da kika ce za ki kawo. Duk na fahimta, kuma tausayinki nake ji fiye da yadda takardar nan ta nuna.

Ga abin da nake so. Ki ɗauki littafin awonki na asali, wanda ya sha ƙasa da ruwan gona, ki kai wa malaminki yadda yake, ki ce ga abin da kuɓewa ta ce. Idan ya ce a sake shuka, a sake. Kuɓewa ba ta kai wata biyu take fara fure, ba shekara za ki yi ba. Idan abin ya ja ƙarin zango, kuɗin makaranta ba matsalarki ba ce, akwai ragunan da nake turke da su, kuma ban nemi shawararki a kan wannan ba. Idan kuma wani ne ya ce ki gyara alƙaluman, ko wane ne shi, ki gaya mini tun wuri.

Ƙanenki zai shigo wajenku ranar Asabar, innarki ta ba shi kilishi da yaji da man shanu, ni kuma na sa ɗan abin da ya samu a ambulan. Ki kira ni ranar Juma'a bayan an sauko, ina son in ji nawa ne furannin da suka saɓa, kuma a waɗanne tukwane suke. Innarki da gwaggonki da autanmu duk suna gaishe ki. Allah ya yi miki albarka, ya tsare ki, ya dawo mana da ke lafiya.

Mahaifinki,
Sakkwato.