"Ya Yi Daɗi" Ba Ya Gyara Waƙa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu ɗan fili mu yi magana da 'yan'uwanmu masu sha'awar kiɗa, waɗanda ba sana'a suka ɗauke shi ba, masu sake rera tsofaffin waƙoƙin nan masu sanyi da ake kaɗawa a zaurukan otal da wuraren hutawa, su naɗa a ɗakinsu, su tura wa juna don jin ra'ayi. Damuwarmu irin ra'ayin da ake bayarwa ne. Mutum zai kwana uku yana fama da waƙa guda, iyakar abin da zai samu "ya yi daɗi". Ya ji daɗi kam, amma gobe kuskuren jiya zai maimaita.

Yawancin waƙoƙin nan an tsara su ne a Amurka daga shekarun 1920 zuwa na 1950, sai salon bosa nova da ya taso a Burazil ƙarshen shekarun 1950. Rera su a hankali, kamar ana yi wa mutum raɗa, makirufo ne ya kawo shi, don kafin a fara naɗar sauti da lantarki a 1925 dole mawaƙi ya ɗaga murya cikin wani babban mazurari. Kayan kiɗan ba su da yawa: fiyano, bas, da ganga da ake shafawa da burushi. Murya ba ta da wurin ɓuya, shi ya sa mai sauraro zai iya taimakawa ƙwarai idan ya faɗi daƙiƙar da ya ji matsalar, abin da ya ji, da abin da yake zaton ya jawo ta.

A fara da matakin murya. Da yawa suna ɗauko kiɗan da aka tsara wa wani mawaƙi su hau kai haka nan. Idan muryar ta koma iska a ƙasa, ko wuya ya ɗaure a sama, a ce wa mawaƙin ya sauke amon kiɗan ko ya ɗaga shi rabin mataki ɗaya ko biyu (rabin mataki shi ne tazarar da ke tsakanin maɓallan fiyano biyu da ke jere). Idan aka wuce uku a manhaja, fiyanon yakan fara karkarwa, gara a nemi wani kiɗan.

Sai tafiya da kiɗa, kuma nan ne aka fi yi wa mutane hukuncin da bai dace ba. Tsarin da ya fi yawa a waƙoƙin nan gaɓa 32 ne (gaɓa ita ce ɗan rukunin bugun kiɗa da ake ƙirga tsawon waƙa da shi), kashi huɗu, takwas-takwas. Na farko da na biyu da na huɗu karinsu ɗaya, na uku ne yake sauya hanya, kuma a nan mawaƙi ya fi yin gaggawa ko ya kauce daga amo, saboda fiyano ya canza amon da yake dogara da shi. Mai sauraro ya kasa kunne a wurin. Jinkirta shiga baiti kuwa ado ne a wannan salo, muddin mawaƙin ya cim ma kiɗan kafin ƙarshen jimla. Amma idan muryar tana baya daga farko har ƙarshe, da tazara iri ɗaya, to ba laifinsa ba ne, kwamfuta ce take jinkirta sautin. Ya rage ma'ajiyar sautin manhajar naɗin (buffer, wato inda sauti ke ɗan jira kafin kwamfuta ta sarrafa shi) zuwa 128, ya kuma ajiye abin kunne na Bluetooth ya sa mai waya.

Ɗaki shi ne babban abokin gaba. A tafa hannu sau ɗaya, idan aka ji wani zirin ƙara ya biyo baya, makirufo ma zai ji shi. A rataya bargo mai kauri ko a jingina katifa a bayan mawaƙin, ba a bayan makirufon kaɗai ba, domin makirufon yana fuskantar bangon da ke bayan mawaƙin ne. Kada a tsaya a kusurwa, a kashe fanka. Tsakanin baki da makirufo a bar santimita 15 zuwa 20, a sa matacin iska a tsakani don harafin "p" da "b". Matsowa kusa yana ƙara wa murya kauri, abin so ne, amma idan ya yi yawa sai ta koma kamar ana magana cikin tulu. Ƙarfin sautin da ke shiga ya tsaya tsakanin -12 da -6 dB a ma'aunin ƙarfin sauti na manhajar. Wanda ya kai sifili ya fashe, babu manhajar da za ta mai da shi yadda yake.

Haɗa sauti ba ya buƙatar dogon aiki a nan. A yanke abin da ke ƙasa da 80 Hz (Hz ma'aunin kauri ko sirantar sauti ne, ƙaramar lamba sauti mai kauri), a ɗan rage tsakanin 200 da 400 idan muryar ta cushe, a lallashi harafin "s" tsakanin 5,000 da 8,000. Matse sauti, wato rage tazarar da ke tsakanin ƙarfin murya da sanyinta, kada ya wuce uku bisa ɗaya a ma'aunin manhajar, don hawa da saukar murya su ne ran waƙar. Amsa-kuwwa kuwa mutane suna zuba ta ne don rufe kuskure, alhali tsawaita shi take yi. Daƙiƙa ɗaya da rabi ta wadatar, kuma da zarar ƙarshen kalmomi ya fara narkewa an wuce gona da iri.

Mai neman ra'ayi ya tura fayil na WAV, wanda ba ya rage ingancin sauti, ba saƙon murya ba, ya haɗa da muryar zalla wadda ba a taɓa ba, ya kuma faɗi abin da yake son a duba masa. Mai bayarwa ya faɗi da me ya saurara, don lasifikar waya ba ta fitar da bas, sai mutum ya ce babu alhali yana nan. Ya ambaci abu ɗaya da ya yi kyau da daƙiƙarsa, don kada a lalata shi wurin gyara. Gyaran kuma kada ya wuce uku a zama ɗaya, a fara da wanda sai an sake rerawa, a bar na manhaja sai an turo naɗi na biyu.

Mun gode, Allah ya ƙara wa jaridarka albarka.

Naka,
Wasu masu sha'awar kiɗa da naɗar sauti