Amsa ga Baba Alhaji: A Sa Linzami, Amma a Bakin Wa?

Assalamu alaikum, Baba Alhaji. Allah ya ƙara girma.

Ranar Asabar a taron matasan unguwarmu ta Nima, nan Accra, kun miƙe gaban jama'a kun ce da ni: "Kai da kake cin abinci da gyaran waya, gwamnati ta sa wa su Facebook da TikTok linzami, ko a ƙyale su?" Aka kira sallar la'asar ban amsa ba, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

A sa musu, Baba. Damuwata ita ce bakin da linzamin zai shiga.

Bara 'yar yayata ta ci bashin sidi 300 a wata manhajar bashi, aka turo mata ta MoMo, wato asusun kuɗi na waya. Ta makara da kwana huɗu. Ashe tun ranar da ta sauke manhajar sun kwashe lambobin da ke wayarta kaf. Suka ɗauki hotonta na salla, suka rubuta ɓarauniya a kai, suka aika wa surukarta da malaminta na islamiyya, har ni. Wani mara aikin yi ya ɗora a wani dandali. Mu goma sha ɗaya muka kai ƙara a can. Amsar da ta zo: hoton bai saɓa ƙa'idarsu ba. Zagin da ke ƙarƙashinsa kuwa Hausa ne da yaren Tuwi, babu alamar wani mai jin ko ɗaya ya duba.

Ba doka muka rasa a Gana ba. Akwai ta kare bayanan mutane tun 2012, akwai ta tsaron intanet ta 2020, ga kuma lamba 292 ta kai ƙara. Amma kamfanin da ke riƙe da hoton yana ƙetaren teku, wa za ka ci wa kwala? Twitter ya yi shelar buɗe ofis a Accra a 2021, muka yi ta murna. A ƙarshen 2022 aka sallami kusan duk ma'aikatan.

Tarayyar Turai na iya cin manyan dandalin nan tara har kashi 6 cikin 100 na cinikinsu na duniya, shi ya sa can suke jin kira. Mu ma a wajabta musu ajiye wakili a Gana, da ma'aikata masu jin harsunanmu, da wa'adin amsa ƙara. Wanda aka goge wa rubutu kuma a faɗa masa dalili, ya iya ɗaukaka ƙara.

Abin da nake tsoro, ku kun fi ni saninsa. An soke dokar ɗaure mutum kan ɓata suna a 2001, amma sashe na 208 na dokar laifuka ta 1960, na yaɗa labarin ƙarya, yana nan, an kuma kama 'yan jarida da shi. A Najeriya, Twitter ya goge saƙon Shugaba Buhari a Yunin 2021, gwamnati ta rufe shi wata bakwai, masu talla a kai suka kwana a ciki. Idan sabuwar doka za ta bar minista shi kaɗai ya yanke mene ne ƙarya, ba alƙali ba, to Baba ku cire sunana.

Yarinyar ta biya bashin, ta canja layi. Hoton kam jiya da dare na duba, yana nan.

Ɗanku,
mai gyaran waya a Nima