Wasiƙa ga iyayen yaran premiyer da terminal (aji biyu na ƙarshen sakandare)

Assalamu alaikum iyaye, Alhazai da Hajiyoyi, fatan an wuni lafiya, ya zafin Garwa.

Maganar maki ce ta sa na rubuto, don satin jiya wani uba ya shigo ofis rai a ɓace da bilten, wato takardar makin ɗansa, a hannu, wai yaro ya ci 8 bisa 20 a lissafi ya ci 16 a wata matiyer (darasi), shi a ƙidayarsa 12 kenan, to me ya sa muka rubuta ƙasa da 10. Na zaunar da shi muka ɗauki alƙalami. A ce kwefisiyan, wato nauyin matiyer, na lissafi 4 ne waccan kuma 1, 8 sau 4 ya ba da 32, a ƙara 16 ya zama 48, a raba gida 5, 9,6 ke fitowa. Shiru ya yi. Haka ofishin bak yake lissafa probatuwar (jarabawar ƙarshen premiyer) da bak (ta ƙarshen terminal), kowace seri (fannin karatu) da nata manyan matiyoyi, ɗan C lissafi da fizik, ɗan D harda SVT (kimiyyar halittu da ƙasa).

Kuma dan Allah a daina cewa "in dai ya samu 10 shikenan". Eh 10 ta ba shi bak da pasabl, darajar ci mafi ƙasa, zai iya rajistar fakulte a Marwa ko Ngaundere ko nan jami'ar Garwa da aka kafa a 2022, a biya sefa 50,000 na shekara. Amma likitanci da ENS (makarantar horar da malamai) da Politeknik ta Marwa sai konkur, wato jarabawar gasar shiga, wurare kaɗan mutane dubbai, kuma akwai konkur ɗin da bayan jarabawar rubutu ake buɗe dosiye a duba relebe (takardar maki) na probatuwar da na bak, wato makin da yaro ya yi wasa da shi a premiyer yana nan yana jiransa. Darajojin da ke sama da pasabl kuwa, ase biyen daga 12 take farawa, biyen 14, tre biyen 16.

Malamin lissafi na terminal D, Allah ya saka masa da alheri, duk Asabar yana nan yana bita kyauta, amma yara 9 kawai ke zuwa, sauran suna kasuwa ko kan moto, kuma wlh mun san iyayen da ke aikensu.

Ku duba takardar haihuwa tun yanzu, in suna ko shekara ya saɓa da na BEPC (jarabawar ƙarshen ƙaramar sakandare) ku zo kafin a rufe dosiye, bara mun sha wahala a kan wannan. Taron APEE (ƙungiyar iyaye da malamai) Lahadi bayan la'asar, waɗanda ba su cika kuɗi ba sun san kansu.

Shugaban makaranta