Zuwa ga Abba a Jihar Jojiya

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, mutanen gida duk suna gaishe ka.

Na ji labarin da kake ba ƙannenka a waya game da Atlanta: filin jirgin da ya fi kowanne fasinja a duniya, hedikwatar Coca-Cola, gidan talabijin na CNN. Duk gaskiya ne. Amma karatun noma ka je yi, kuma Jojiyar da ta shafe ka tana can kudu da Atlanta, inda ƙasa ta miƙe ba tudu. Kusan rabin gyaɗar da Amurka ke nomawa daga nan take fitowa. Kada hoton ɗan itacen peach da ke jikin lambar motocinsu ya ruɗe ka. Kirarin jihar ne kawai, Kalifoniya ta fi su noma shi nesa ba kusa ba. Kajin gidan gona ma sun fi gyaɗar kawo musu kuɗi.

Ga abin da nake so ka bincika. A da auduga ce arzikinsu, sai ƙwaron auduga ya shigo a 1915 ya yi mata kaca-kaca, manoma da yawa suka karkata ga gyaɗa, ta kuwa karɓe su. Mu da muke da dalar gyaɗa a Kano, fari ya taɓa mu, kuturtar gyaɗa ta 1975 ta biyo baya, kuɗin man fetur ya ɗauke hankalin hukuma, shi ke nan. Annoba ta faɗa wa kowa, me ya sa su suka tashi? Jami'arku ta Jojiya tana da tashar bincike a garin Tifton. Ka nemi malaminka ya kai ka, ka ga inda suke samun iri, yadda suke ban ruwa, da yadda suke busar da gyaɗa don kada fumfuna ta sa mata guba. Ka tambayi wanda ke kan tarakta, ba farfesa kaɗai ba.

Sai maganar mutane, wadda ta fi damuna. Na sha jin 'yan Afirka da ke can suna yi wa baƙaƙen Amurka kallon raini. Kul, kada in ji haka daga bakinka. Turawan Ingila sun kafa Jojiya a 1733 a garin Savannah ƙarƙashin James Oglethorpe, da farko ma sun haramta bauta, amma a 1751 suka halatta ta. Shinkafar bakin teku da audugar cikin ƙasa duk gumin bayi ne. A cikinsu akwai Bilali Muhammad, mutumin Timbo ta Futa Jalon, da aka bautar a tsibirin Sapelo. Ya bar ɗan littafi mai shafi 13 da ya rubuta da Larabci, yana nan a ɗakin karatun jami'arku a garin Athens na Jojiya. Ka je ka gan shi da idonka. Almajiri ne kamar kakanka, jirgi ne kawai ya raba su. Jikokin irin waɗannan mutane, su Martin Luther King da aka haifa a Atlanta a 1929, su suka sha duka da ɗauri har baƙar fata ya samu zama a ajin da kake zaune yau.

Alamominsu ma ka karanta su da hankali. Furen da jihar ta zaɓa alamarta a 1916 sunan ƙabilar Cherokee, 'yan asalin ƙasar, yake ɗauke da shi, alhali an kori mutanen daga ƙasarsu a 1838. Tutar jihar daga 1956 zuwa 2001 tana ɗauke da tambarin 'yan tawayen kudu da suka yi yaƙi don bauta ta ɗore, kuma har yanzu shugabanninsu uku na sassaƙe a jikin dutsen Stone Mountain. Za ka ga wannan tambari a bayan a-kori-kurar wani manomi. Kada ka buɗe muhawara a gonar mutane. Ka gaishe shi, ka koyi abin da ya kai ka, ka kama hanya kafin dare.

In ka samu hutu ka leƙa Plains, ƙauyen marigayi Jimmy Carter, manomin gyaɗar da ya mulki Amurka daga 1977 zuwa 1981. Yana da haƙƙin ziyara a kanmu. Cibiyarsa da Janar Gowon sun bi ƙauyuka suna yaƙi da kurkunu har aka tabbatar Najeriya ta rabu da shi a 2013. Kai ba ka taɓa ganin ana naɗe tsutsa a tsinke daga ƙafar mutum ba, mu mun gani.

Kawunka kuma ya ce lallai ka ɗauko masa hoton filin wasan jami'arku, don a nan Najeriya ta ci Ajantina 3-2 ta ɗauki zinare a ƙwallon ƙafa na gasar Olympics ta 1996.

Ka riƙe sallah a kan lokaci. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka.