Raɗar da ta bi bango

Abba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fatan kana cikin ƙoshin lafiya kamar yadda muke a nan. An gama yankan gero, dawar gonar bakin kwari ce kawai ta rage. Ƙafar Innarka ta yi sauƙi har tana fita unguwa. Tana gaishe ka, amma ba ta san da wannan takarda ba.

Na so in kira ka a waya, sai na ga in na ji muryarka zan ɗaga tawa, mu rabu ba wanda ya saurari wani. Shi ya sa na zauna bayan isha'i na ɗauki biro. Zan damƙa ta hannu da hannu ga abokin karatunka da zai koma bayan hutu, cikin ambulan da na liƙe da kaina. Ban yarda ƙaninka ya ɗauki hotonta ya tura maka ba.

Bari in fara da abin da ya faranta mini rai, kada ka ce laifi kaɗai nake gani. Bidiyon nan da ka turo daga Bijapur ta ƙasar Indiya, ranar da malamanku suka kai ku ganin Gol Gumbaz, mun kalle shi ya fi sau goma a tsakar gida. Hubbaren Sarki Muhammad Adil Shah, wanda ya rasu a 1656, da wannan tulluwa mai faɗin fiye da mita 40 ba ginshiƙi ko ɗaya a tsakiya. Na gan ka can sama a barandar da ta zagaye cikin kubbar, ka manna fuskarka da bango, abokinka yana ɗaya gefen ya zama kamar ɗan tsako saboda nisa. Ka yi raɗa ka ce, "Baba, ina gaisuwa," sai ga maganar ta fito a wayarsa ras, kamar a kunnensa ka faɗa. Da ka tafa hannu kuwa amon ya yi ta kai da komowa. Innarka ta ja tsaki ta ce gidan aljanu suka kai yara. Ni na zaunar da ita na yi mata bayani da irin kalmomin da ka yi mini.

Ka ce sauti in ya sami bango mai santsi kuma mai lanƙwasa, ba ya watsewa. Yana ɗan taɓa bangon ya zame, ya sake taɓawa ya zame, yana bin sa kamar ƙadangare har ya zagayo, ƙarfinsa bai ragu sosai ba. Ka ce a Landan ma akwai irinsa a cikin kubbar majami'ar Sent Pol, sai mutum ya hau matakala fiye da 250 kafin ya kai, kuma a can ne wani masani mai suna Rayleigh ya warware sirrin abin a 1878. Wani abu da ka faɗa ya zauna mini: raɗa ta fi magana mai ƙarfi bin bangon, kuma wanda ya jingina da bango can nesa yana iya jin abin da ya wuce wanda ke tsaye kusa da kai.

Da na ji haka sai kakanka ya faɗo mini, mai sunanka, Allah ya jiƙansa. Bai taɓa riƙe biro ba, amma shekara arba'in yana ɗora azara. In zai yi ɗaurin guga, kafin a shafe da makuba, sai ya tsaya a tsakiyar soron ya yi gyaran murya ya karkata kai yana saurare. Yana cewa laka tana shan magana, dutse da siminti suna tofar da ita. Shi ya nuna mini dalilin da ya sa ake karkata ƙofar zaure ta biyu daga ta farko: ba don ido kaɗai ba, har don kunne. Shi ya fara gaya mini cewa ramin mihrabi ba ado ba ne kawai, yana mayar da karatun liman ga sahun baya tun ba a san lasifika ba. Sunan Babban Gwani Mikaila, wanda ya gina masallacin Juma'ar Zariya, ba ya fita bakinsa sai da addu'a. Kai ma tun kana yaro abin yana jikinka. Kana zura kai cikin rumbu in ya zama wayam kana kiran sunanka, kana leƙa rijiya kana ihu har na taɓa marinka. Ranar da na kai ku Birnin Kudu ganin zanen shanun Dutsen Mesa, yara suna kallon zane, kai kana can kana buga duwatsun nan masu ƙara kamar ƙararrawa, da ƙyar aka janye ka. Saboda haka ban yi mamaki ba da ka zaɓi zanen gine-gine, ban kuma yi baƙin cikin sayar da bijimin nan ba.

To, yanzu ga abin da ya hana ni barci kwana tara.

Ranar kasuwa ina zaune a rumfar mai shayi, wasu samari uku da ban san ko 'ya'yan waye ba suna gefe sun kunna waya suna ƙyaƙyata dariya. Sai na ji murya. Ba sai an gaya wa uba muryar ɗansa ba. Kai ne, Abba, kana magana ƙasa-ƙasa kamar mai gudun a ji, kana kiran sunan mutumin nan, kana cewa shi ya danne kuɗin guzurinku wata biyar, kana lissafa gidajen da ya gina, har ka kai ga ambaton matarsa. Ɗaya daga cikin samarin ya ce a mayar da shi farko. Kofin yana hannuna na kasa kai shi baki. Na biya kuɗi na tashi, ban sayi gishirin da ya kai ni kasuwar ba.

Na tsare ƙaninka, ya ce wai ku biyar ne a zauren naku na WhatsApp, dukanku aminai, ba bare. Ku biyar! Daga Indiya har rumfar shayi a ƙauyen Jigawa, ta tsallake teku, ta faɗa kunnen mahaifinka ta wayar waɗanda ba su taɓa ganinka ba. Kai da ka tsaya a cikin kubba ka koya mini yadda raɗa ke tafiya, kai ne ka manna bakinka da bangon da ya fi kowane bango santsi ka saki magana. Ina amfanin karatun? Amon Gol Gumbaz in ya gama zagayensa mutuwa yake yi. Wannan kuwa ba ya mutuwa, yana cikin aljihun mutane, duk wanda ya ga dama ya tashe shi. Ina ka baro hankalin da ake yaba maka?

Na san abin da za ka ce. Za ka ce gaskiya ka faɗa, yunwa kuke ji, mai gidan haya yana yi muku barazana. Ban ƙaryata ka ba. Wataƙila ma ka ƙara da cewa mu tsofaffi tsoro ya cinye mu, shirunmu ne ya lalata ƙasa. Na ji ka faɗi makamancin haka a tsakar gida waccan sallar, na yi kamar ban ji ba. Yau zan ba ka amsa.

Ina saurayin malami, shekara biyu da auren Innarka, muka je gaisuwa wani babban gida ni da abokin aikina. Aka ajiye mu a zaure, irin mai da'ira ɗin nan da aka shafe da siminti har sama. Mun daɗe muna jira. Na jingina da bango na karkato na ce masa a kunne, kwanon rufin ajinmu ga shi can a kan barga. Iyakar abin da na faɗa ke nan. Babu kowa kusa da mu. Wani dattijon bara ne kawai can ɗaya ƙarshen, ya jingina kansa da bango kamar mai gyangyaɗi. Kafin wata ya cika takardar canjin wurin aiki ta zo. Ka san inda aka kai mu, ka san tafiyar da ke tsakanin garin da kwalta in damina ta sauka, ka kuma san kabarin da Innarka ke sa a kai ta duk shekara. Shekaru na yi ina zargin abokin nan nawa, na daina gaishe shi har ya koma ga Allah. Sai da ka yi mini bayanin kubba, bayan duk waɗannan shekaru, na zauna na tuna inda dattijon ya ɗora kansa. Na yi kuka a daren, Abba. Gaskiya na faɗa ni ma. Gaskiyar ba ta ɗauki yayarka ta kai ta asibiti ba. Kada ka ƙara kirana matsoraci, ko a zuciyarka.

Kai da bakinka ka ba ni labarin kogon nan na Sirakusa a tsibirin Sisili, wanda ake kira Kunnen Diyonisiyus, mai tsawon sama da mita 20 a tsaye, da aka ce wani azzalumin sarki yana zuba fursunoni a ciki ya hau sama yana sauraron raɗarsu. Ka ce almara ce, asalinsa wurin fasa dutse ne. To, ko almara ce, wanda ya ƙirƙire ta ya san halin masu mulki. Ba su damu da mai ihu a bainar jama'a kamar yadda suke farautar abin da aka faɗa a ɓoye ba.

Ba kuɗin karatun nake ji ba. In sun yanke, gonar bakin kwari tana nan, zan sayar ka ƙarasa. Ba kuma kunyar da na ji a kasuwa ba ce, duk da na ji ta. Abin da ke tsaye mini a ƙirji ɗaya ne: ranar dawowarka. Kullum na rufe ido sai in ga mun yi shatar mota mun tafi filin jirgin Malam Aminu Kano, Innarka ta sa sabon mayafi, fasinjoji suna fitowa ɗaya bayan ɗaya, kai ba ka fito ba. Sai wani ya zo ya ce wasu mutane sun wuce da kai ta wata ƙofa. Kana jin labarin samarin da aka ɗauke saboda abin da suka rubuta a waya, ni ma ina ji a rediyo. Su ma iyayensu ba su da kowa a sama, kamar yadda ba ni da kowa. Wa zan je wurinsa? Wace ƙofa zan ƙwanƙwasa da wannan furfurar? Na binne ɗaya saboda bakina. Ba zan iya zaman jiran wani a ƙofar ofishin da ba a san da zamana ba. Wallahi ba zan iya ba.

Ga abin da nake so, kuma umarni ne ba shawara ba. Ka fita daga wannan zaure yau. Kada ka yi wani sabon saƙo na kare kai ko na neman wanda ya fitar, don magana zarar bunu ce, jan wani ba ya mayar da na farko. Kada ka zargi kowa cikin huɗun nan ba tare da hujja ba, ka ga abin da zargi ya ja mini. Haƙƙinku kuwa ku nema, ban ce ku bari ba. Ku rubuta takarda da sunan ɗalibai gaba ɗaya, kowa ya sa hannu, ku faɗi watanni da adadin kuɗi, ba zagi ba sunan matar kowa. Ambaton matar nan shi ya fi ƙona mini rai. Ba ta ci maka komai ba, kuma ba haka Innarka ta rene ka ba. Wannan ka nemi gafarar Allah a kai. Ni kuma na riga na yi magana da Baffanka, duk da abin da ke tsakaninmu. Na taka har gidansa, na zauna a tabarmarsa, saboda ya san wanda zai iya kai ban-haƙuri inda ya kamata. Ka san abin da wannan takawar ta ci mini.

Ban yi fushi da kai irin wanda kake tsammani ba. Wata biyar kana cikin yunwa a ƙasar mutane ba ka gaya mini ba don kada in damu, na gane wannan, Allah ya yi maka albarka. Amma gara ka faɗa mini da ka faɗa wa waya. Na sa 'yan kuɗi a cikin ambulan ɗin, na kuɗin wake ne, kada ka ce za ka mayar. Innarka ta haɗo kuka da daddawa da yaji, ta ce ƙullin ja na abokinka ne.

Sabon masallacinmu an gama shi, tayil har rabin bango, sama kwano da silin. Ya yi kyau a ido, amma in liman ya hau mumbari maganar sai ta dinga karo da juna, na sahun baya ba sa gane huɗuba, an ƙara lasifika biyu abin ya ƙara cakuɗewa. Na gaya wa 'yan kwamiti abin da ka ce game da masallacin Sulaimaniyya na Istanbul, inda magini Sinan ya binne tukwane a cikin kubba don su gyara amo. Sun yi shiru suna kallona, sai Liman ya ce a dakata da komai har ka dawo ka saurara da kunnenka. Na ce masa kana nan tafe bayan babbar salla in Allah ya yarda.

Ka kira ni ranar Juma'a bayan an sauko, zan kasance a gona ni kaɗai.

Mahaifinka.