Kirsimeti ta koma kasuwa, gwauruwa ta rasa zanin shiga coci

Ya Edita,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya kai da ma'aikatanka. Dan Allah ka ɗan ba ni fili a jaridar nan in fitar da wani abu da ya tsaya min a rai tun bara, tunda ga Disamba ta sake zagayowa, hunturu ya sauka, hazo ya rufe gari. Ni Kirista ce, Bahaushiya, iyayena mutanen ƙasar Sumaila ne amma a Kano aka haife ni, kuma ɗinki nake yi a nan Sabon Gari. Na san yawancin masu karanta jaridar nan 'yan uwanmu Musulmi ne, to da 'yan uwana Kirista nake maganar, amma duk wanda ya taɓa zarya wajen tela ana jibi Sallah zai gane abin da nake faɗa.

Daga tsakiyar Nuwamba mu teloli ba mu da barci. Turamen atamfa daga Kwari sun cika shago har ba wajen sa ƙafa, ga leshi ga shadda, wuta ta ɗauke a tada janareta, keke na kuka har ƙarfe biyun dare, kowacce ta shigo sai tace Anti ko ta halin ƙaƙa ranar 24 ki gama min. Ba ƙorafi nake ba, kakarmu ce, da kuɗin nan nake biyan hayar shago da kuɗin makarantar yara a Janairu. Amma fa tela yana ganin sirrin gidaje. Ina sanin wadda ta kwashi adashi ta zuba gaba ɗaya a leshi, ina sanin wadda ta ɗauko atamfa bashi sai ƙarshen wata, da wadda ta ci bashin nan na waya da in ka makara suke turawa duk mutanen da ke cikin wayarka saƙon cin mutunci.

Bara ana saura kamar sati biyu, na rufe rabin ƙofa ina shara sai ga wata mama da muke zumuntar mata tare, mijinta ya rasu ya bar ta da yara huɗu, ƙosai take soyawa da safe a bakin layi. Ta jira sai da kowa ya watse sannan ta shigo, ta ciro zani da riga daga baƙar leda a ninke tsaf, an wanke an goge, tace ƙanwata ki taimaka ki fitar min da riguna biyu na 'yan matan nan a ciki, amma ki juya shi yadda ba za a gane ba. Na karɓa. Na samo ɗan ƙyallen da ya rage a shago nayi musu wuya da hannu, suka fito da kyau kuwa. Ban yi tunanin komai ba, aiki ya yi min yawa.

Ranar Kirsimeti coci ya cika maƙil, zumunta sun fitar da anko, duk mun sha ɗinki iri ɗaya, muka tashi waƙa da tulu da kacau-kacau ana guɗa. Na hango yaran a layin makarantar Lahadi da rigunan da na ɗinka sai murna suke, amma uwar ban ganta ba. Da aka tashi na bi ta gidanta, na same ta a ɗaki ƙofa a saye, da zanin da take suya dashi a jikinta duk tabon mai. Nace Mama lafiya baki zo sujada ba? Tayi shiru sannan tace, da wane zanin zan shiga, wanda nake zuwa coci dashi ai shi na kawo miki, anko kuma ban iya saya ba, mata su tashi waƙa ni kaɗai daban kowa na kallona. Edita, da almakashina na yanka zanin nan, ban ko tambaye ta ita me zata sa ba. Har yau in na tuna sai ƙirjina yayi nauyi.

Kuma a ranar nan, a sujadar da bata zo ba, Baba Fasto ya karanta mana Linjilar Yahaya sura 1 aya 14, inda aka ce Kalman, wato Yesu, ya zama mutum ya zauna a cikinmu. Ayar nan ita ce Kirsimeti gaba ɗayanta. Na san 'yan uwa Musulmi kuna girmama Annabi Isa, kun yarda Maryam ta haife shi ba tare da namiji ba, akwai sura sukutum da sunanta a Alƙur'ani, amma baku yarda Allah ya zama mutum ba, nan muka rabu kuma ba gardama ta kawo ni ba. Mu dai Kirista abin da muka tsaya a kai kenan, shi iyayen ikilisiya suka zauna a kai a garin Nikiya shekara ta 325, suka ƙara zama a garin Kalsidon a 451 suka ce Yesu Almasihu cikakken Allah ne kuma cikakken mutum. Wato Ubangiji bai tsaya daga nesa ya aiko mana da saƙo kawai ba, da kansa ya taso. Yayi wata tara a cikin mace, aka yanke masa cibiya, ya sha nono, ya girma ya koyi sassaƙa, yaji yunwa, ya gaji da tafiya har ya zauna bakin rijiya ya roƙi wata mata ruwa, yayi kuka da abokinsa Li'azaru ya mutu. Immanuwel, Allah na tare da mu, ma'anar sunan kenan.

To a wane gida ya sauka? Ni dai tunda sana'ata tufafi ce, idona a kan tufafin yake. Luka ya faɗa mana Kaisar Augustas ya ba da umarnin ƙidaya, Yusufu ya ɗauko Maryamu da tsohon ciki daga Nazarat zuwa Baitalami, tafiya kusan kamar daga nan Kano zuwa Zariya, babu mota babu komai, suka isa babu wuri a masauki. Ta haihu ta naɗe shi da zanen goyo ta kwantar dashi a komin dabbobi. Da mala'ika ya je wa makiyaya da dare, alamar da ya basu ta gane Mai Ceto ita ce zanen nan da komin nan. Makiyaya fa, masu kwana a daji da warin tumaki a jiki, su aka fara gayyata, kuma haka suka taho da kayan jikinsu, ba wanda ya koma gida canza riga. Da kwana arba'in suka cika aka kai shi Haikali a Urushalima, tsuntsaye biyu iyayen suka miƙa, wanda a Littafin Firistoci sura 12 hadayar matar da bata da halin ɗan rago ce. Gidan da ya zaɓa ya zo kenan. In da Maryamu a zumuntarmu take bara, ina jin tsoron ita ma a ɗaki zata wuni ƙofa a saye.

Manzo Bulus yace Almasihu mai arziki ne amma ya zama matalauci saboda mu, a wani wurin yace ya wofintar da kansa ya ɗauki surar bawa. Manzo Yakubu kuma a sura 2 ta wasiƙarsa kamar a cocinmu yake zaune da ya rubuta, yace in mai zoben zinariya da tufafi masu ƙawa ya shigo majami'arku, matalauci ma ya shigo da tsumma, kuka ce wa na farkon ga wuri mai kyau, ɗayan kuma tsaya can, to kun nuna bambanci. Mu ba mu ce wa kowa tsaya can da baki ba. Ankon ne ya faɗa a madadinmu, kuma taji shi sarai.

Ka shiga kasuwar Sabon Gari yanzu ka gani, ko ka bi ta France Road da yamma. Bishiyoyin roba da aka shigo dasu daga Chaina, fitilu masu walƙiya, jar hula mai farin baki a kan kowane yaro, auduga a manne jikin gilashi wai ƙanƙara, a garin da bamu taɓa ganin dusar ƙanƙara ba sai ƙura. Ana biyan kuɗi a kai yara su ɗauki hoto da Fada Kirsimeti, wanda ubansa bai da kuɗin ya tsaya a waje yana leƙe. Alhali mutumin da aka samo labarin daga gare shi, Nikolas, bishop ne a garin Mira da ke ƙasar Turkiyya ta yanzu, a ƙarni na 4, kuma abin da ake tunawa dashi shine wai da dare yake zuwa a ɓoye ya jefa kuɗi gidan wani talaka mai 'yan mata uku da ya rasa abin aurar dasu, don kada mutumin yaji kunya. Wannan tsoho mai jar riga da ƙaton ciki da muke gani kuwa tallan Coca-Cola ne ya baza shi duniya tun daga 1931. Kyautar da aka yi a ɓoye don rufin asiri, yau mu sai an jera mabuƙata a layi an ɗauki hoto da mudun shinkafa a hannu an sa a Facebook.

Kuma mun ga inda layin nan ya kai mu. A Disambar 2024, cikin 'yan kwanaki, yara 35 suka mutu a turmutsitsi a Ibadan, mutum 22 a Okija ta jihar Anambra, mutum 10 a wani coci a Maitama Abuja, duk wajen rabon abinci da kyauta ana daf da Kirsimeti. Lokacin buhun shinkafa ya wuce mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, tun cire tallafin mai a Mayun 2023 komai ya tashi bai sauko daidai ba. Masu rabon niyyarsu alheri ce, ban zarge su ba. Amma a ce a watan da muke bikin Allah ya tako da ƙafarsa ya zo inda talaka yake, mu kuma mu zauna mu ce talaka ya taso tun asuba ya zo ƙofarmu ya yi layi, abin bai yi min daɗi ba ko kaɗan. Ikilisiya ta san gidan kowace gwauruwa a cikinta, dattawa suna da sunaye a rubuce, me zai hana a ɗauka a kai da dare shiru?

Kar a ce ina ƙin biki. Yesu da kansa ya je bikin aure a Kana. Ina son ƙamshin cincin da ke tashi a layinmu, ina son yadda muke cika kula da shinkafa da miya da kaza mu aika wa maƙwabtanmu Musulmi su kuma da layya su aiko mana da nama, wannan tun ina yarinya ake yinsa kuma ina roƙon Allah kada ya yanke. Har masu cika tashar New Road suna biyan kuɗin mota ninki don su je gida kudu, ban ga laifinsu ba, gara ka je tsohuwarka ta ganka ta taɓa ka da ka tura mata kuɗi taji alat kawai, wannan ma ya fi kusa da ma'anar ranar. Kakata tana bamu labarin Kirsimetinsu a ƙauye, wanda ya iya karatu ya buɗe Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda aka fara bugawa cikakke a 1932, ya karanta Luka a gindin bishiya, kowane gida ya fito da tuwonsa a haɗa a ci, a raba dare ana kiɗa da rawa, kowa da kayan da yake dasu. Tace ba wanda ke zama a ɗaki ranar nan sai mara lafiya, shi ma ana zuwa a yi masa waƙa a ƙofa. Ita ranar 25 ɗin ma ba a rubuta ta a Littafi ba, a Roma aka fara ganin ta a rubuce wajen shekara ta 336, Kiristocin Masar da Habasha har yau 7 ga Janairu suke nasu. Balle anko.

Na kai maganar nan gaban taron zumunta a watan Oktoba, nace ko dai mu bar anko na Kirsimeti, ko kuma in za a yi a cire daga asusu a saya wa duk wadda bata da hali a kai mata gida ba tare da an kira suna a gaban jama'a ba. Wasu suka goyi baya, wasu suka ce haba ai shekara sau ɗaya ne, wata ma tace ke da kike cin kuɗin ɗinkin ke ce zaki faɗi haka? Gaskiyarta, ina ci, kuma in aka bari ni zan fara jin asarar a aljihuna, na yarda da hakan. A ƙarshe dai an fitar da ankon bana, ya ma fi na bara tsada. Shi yasa na rubuto maka, ko Allah zai sa fastoci da dattawan ikilisiya da shugabannin zumuntar mata na Kano su gani, daga Sabon Gari har Brigade da Badawa da ƙauyukanmu na Sumaila da Rogo da Tudun Wada, su zauna su duba wa ke ɓacewa daga sujada ranar Kirsimeti kuma saboda me.

Ni dai bana na ɗinka wa mutane nasu amma ban yanka nawa ba. Na je na sami Mama wajen suya shekaranjiya nace ranar 25 da safe zan biyo da adaidaita sahu, zan sa tsohuwar atamfata mu shiga tare mu zauna a benci ɗaya, in mata sun tashi waƙa mu ma mu tashi. Ta kwashe ƙosan da ke cikin mai ta zuba a kwando, tace bari tayi tunani. Bata ce min eh ba tukuna.

Nagode Edita, Allah ya ƙara ɗaukaka.

Taku,
Wata mai ɗinki,
Sabon Gari, Kano.