A yi wa mai ƙafa da mai keke doka a Kano

Assalamu alaikum Edita, don Allah ka ɗan sam min fili in yi magana da 'yan majalisar dokokin jiharmu ta Kano.

Ni da keke nake zuwa kasuwa kullum, kuma tun da aka cire tallafin mai a 2023 na ga mun ƙaru sosai, malaman makaranta, leburori, har masu aikin ofis duk sun kakkaɓe kekunansu, wasu kuma sun koma takawa a ƙasa saboda kuɗin adaidaita ya fi ƙarfinsu. Amma wallahi titin kamar ba a san da mu ba. An yi gadar sama a Kofar Nassarawa, an yi a Dangi, an yi a Hotoro, madalla, to amma tsohuwar da za ta tsallaka titin Zariya da jikanta a hannu fa? Sai ta tsaya ta yi ta zuba ido har wani mai tausayi ya ɗaga wa motoci hannu.

Makon jiya wani mai mota ya goge ni da madubi na faɗa kwata, ko waiwaye bai yi ba, mutanen wajen sai cewa suke Allah ya tsare gaba. Amin, amma ai ko zamanin Obasanjo ministan sufuri Ojo Maduekwe da yake ta kiran mutane su hau keke, shi ma bas ta tura shi rami a Abuja. In minista bai tsira ba ina ga ni.

Ba wai babu hukuma ba, Rod Sefti tun 1988 take, a nan kuma ga 'yan Karota, sai dai yawancin dokokin kan mota da takardunta suke. Abin da nake roƙo shi ne majalisa ta yi doka cewa duk kwangilar sabon titi dole a sa hanyar masu ƙafa da ɗan layin keke a gefe, in babu kar a biya ɗan kwangila. Sannan gaban makarantu da asibitoci da kasuwanni a ƙayyade gudu kar ya wuce kilomita 30 a awa, shi ne abin da Hukumar Lafiya ta Duniya take ba da shawara, ita ce ma ta ce sama da rabin masu mutuwa a hatsarin titi a duniya masu ƙafa ne da masu keke da babur. A yi fentin wajen tsallakawa, a sa tudun rage gudu na gaske ba irin wanda matasan unguwa ke yi da ƙasa bayan an kaɗe yaro ba.

Mu ma da namu laifin, ban ɓoye ba. Inda aka yi gadar tsallakawa sai ka ga mutum ya bi ta ƙasa yana haura shinge, inda aka yi gefen titi kuma mai shago ya baza kaya, mai shayi ya kafa tebur, wani ya faka mota. Dokar ta haɗa da su, amma a nema wa masu ƙananan sana'a wajen zama tukunna. Kekuna kuma a ce kowa ya sa fitila da daddare, ni tawa na riga na saya.

Naka, mai karatu daga Kurna, Kano.